PACER da CM/ECF: tsarin shigar da ƙara ta intanet a kotunan tarayyar Amurka

CM/ECF manhaja ce da kotunan tarayyar Amurka ke amfani da ita wajen karɓar takardun shari'a ta intanet da kuma adana fayil ɗin kowace ƙara tun daga ranar da aka shigar da ita har a yanke hukunci. PACER kuma ita ce ƙofar da jama'ar gari ke bi su karanta abin da aka ajiye a ciki. Mutane kan haɗa su su kira da suna ɗaya, amma aikinsu daban ne, lauya ta CM/ECF yake loda takarda, ɗan jarida ko ɗalibi ko duk wani mai son sani ta PACER yake saukewa. Ofishin gudanarwa na kotunan Amurka da ke Washinton shi ke kula da su duka biyun.

Tsarin ya shafi kotunan gunduma 94, da kotunan ɗaukaka ƙara 13, da kotunan da ke sauraron shari'ar waɗanda suka karye bashi ya yi musu katutu. Kotunan jihohi ba sa ciki, kowace jiha da nata tsarin. Kotun ƙoli ma nata daban ne, a 2017 ta buɗe shi kuma karanta takardunta kyauta ne.

PACER ce ta fara zuwa, a 1988, lokacin ta layin tarho kwamfuta ke shiga, kuma abin da mutum zai gani bai wuce jerin abubuwan da suka faru a ƙara ba. Shigar da takarda kuwa a 1996 aka fara gwada shi a kotun gundumar arewacin Ohayo, saboda ƙararrakin ma'aikatan jiragen ruwa da sinadarin asbestos ya yi wa illa sun yi yawan da takardunsu suka fi ƙarfin ma'aikatan rajista. Da abin ya yi kyau sai aka bi sauran kotuna da shi daga farkon shekarun 2000, aka fara da kotunan bashi. A 2018 aka gyara dokar gudanar da shari'a ta zama duk wanda lauya ke wakilta dole ta intanet zai shigar da takardunsa, sai in kotu ta ɗaga masa ƙafa.

Yadda ake yi ba wuya. Lauya zai yi rajista a kotun da aka ba shi izinin tsayawa, ya samu suna da kalmar sirri, ya maida takardarsa PDF, ya shiga ya sa lambar ƙara ya zaɓi irin takardar, ko buƙata ce yake gabatarwa ko amsa ko hujja, ya loda, in akwai kuɗin da za a biya ya biya da kati a nan take. Sa hannu ma ba sai da biro ba, shigar da ya yi da asusunsa haɗe da sunansa a ƙasan takardar su ne sa hannun. Yana gamawa manhajar za ta tura imel ga duk lauyoyin da ke cikin ƙarar, ɗauke da lokacin da takardar ta shiga da kuma mahaɗar da za su buɗe ta sau ɗaya kyauta. Wannan imel ɗin shi ne shaidar an kai wa abokin shari'a takarda, ba sai an aiki masinja ya je ya yi ta jiran sakatare ba. Amma fa sammacin farko da ake kai wa wanda ake ƙara yana nan yadda yake, dole a kai masa ta hanyar da doka ta tanada.

Abin da lauyoyi suka fi jin daɗi shi ne wa'adi. Da can in an rufe rajista da yamma shi ke nan ranar ta wuce, yanzu kuwa a yawancin kotuna har 12 na dare agogon garin da kotun take ana cikin ranar.

To amma sauƙin nan ya zo da haɗarinsa, don takardar da a da sai ka taka har kotu ka nemi fayil kafin ka gani yanzu wani daga wata nahiya zai buɗe ta yana kwance a ɗaki. Shi ya sa tun 2007 doka ta ce lambar shaidar ɗan ƙasa da lambar asusun banki a bar huɗun ƙarshe kawai, ranar haihuwa a sa shekara kaɗai, ƙaramin yaro kuma harufan farko na sunansa. Nauyin gogewar a wuyan mai shigar da takardar yake, ma'aikatan kotu ba za su duba maka ba. Akwai kuma 'yan kutse. A farkon 2021, bayan kutsen da aka yi ta manhajar SolarWinds, sai da aka umarci a riƙa kawo takardu masu tsananin sirri a kan takarda ko a na'urar ajiya, a adana su a kwamfutar da ba ta haɗe da intanet, a 2025 ma hukumomin kotun sun sake sanar da cewa ana kai wa tsarin hari.

Inda rigima ta fi zafi shi ne kuɗi. PACER tana cajin senti 10 a kowane shafi, takarda ɗaya ba ta wuce dala 3, in kuma abin da ka kashe cikin wata uku bai haura dala 30 ba a yafe maka, hukuncin da alƙali ya rubuta shi kam kyauta ne. A ido kamar ba komai, sai ka fara bin ƙara mai ɗaruruwan takardu, ga shi binciken suna ma ana cajinsa ko da bai fito maka da komai ba. Gaskiya wannan bai dace ba, shari'a a bainar jama'a ake yinta, bai kamata karanta abin da aka yi a cikinta ya zama sai mai hali ba. A 2008 wani matashi masanin kwamfuta, Aaron Swartz, ya yi amfani da damar gwajin kyauta da aka ba wasu ɗakunan karatu ya sauke takardu miliyoyi don a saka su inda kowa zai gani, FBI ta bincike shi amma ba a tuhume shi a kan wannan ba. A 2009 wasu masu bincike a jami'ar Princeton suka fito da RECAP, ƙaramar manhaja da ake ɗorawa a burauza, duk takardar da mai ita ya saya sai ta ajiye kwafi a rumbun kyauta don na baya, yanzu ƙungiyar Free Law Project ke riƙe da ita a shafin CourtListener. A 2016 kuma wasu ƙungiyoyi uku masu zaman kansu suka maka gwamnati a kotu cewa ana karɓar fiye da abin da doka ta yarda ana kashewa a wasu hidimomin, kotun ɗaukaka ƙara a 2020 ta yarda cewa an yi hakan a wani ɓangare, daga ƙarshe aka sasanta a kan dala miliyan 125 da za a mayar wa masu amfani, alƙali ya amince a 2024. Kuɗin shafin dai yana nan ba a cire ba.

Wanda ba shi da lauya shi aka fi bari a baya. A kotuna da yawa sai ya nemi izinin alƙali kafin a ba shi damar lodawa da kansa, in ba a ba shi ba sai ya kai da hannu ko ya aika ta gidan waya, ma'aikata su yi sikanin su saka, alhali abokin shari'arsa mai lauya yana da har tsakar dare. Fursunoni galibi har yanzu ta wasiƙa suke shigar da nasu.

Ba sai ɗan Amurka ne kaɗai ke iya buɗe asusun PACER ba. Takardun shari'ar Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi, da jaridun Najeriya suka yi ta kawowa a 2021, na kotun tarayya ce a Kalifoniya, kuma a wannan rumbun ake ajiye irinsu, duk wanda ya san lambar ƙarar ko sunan wanda ake tuhuma zai iya nemowa matuƙar alƙali bai sa an rufe takardar ba.