Farfesan Akanta a Fannin Binciken Kuɗi da Shugabancin Kamfanoni

Farfesan akanta shi ne malamin jami'a da ya kai ƙololuwar muƙami a sashen koyar da lissafin kuɗi. Cikin rassan wannan ilimi akwai biyu da ba su cika rabuwa ba: binciken kuɗi, wato aikin odita, da shugabancin kamfanoni, wato tsarin da ke fayyace wanda ke juya kamfani da wanda ke sa masa ido. Tambaya ɗaya suke ƙoƙarin amsawa. Idan aka danƙa wa mutum amanar dukiyar wasu, wa zai duba ya tabbatar bai ci ba? A Sakkwato, babbar cibiyar wannan karatu ita ce Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, aka sauya mata suna a 1988.

Matakan aiki

Tsanin dogo ne. Mai digirin farko da ya yi zarra yakan fara a matsayin mai taya malamai, sai mataimakin malami bayan digiri na biyu, sai malami mai daraja ta biyu, sai ta ɗaya, sai babban malami, sai mataimakin farfesa, sannan farfesa. Tsakanin mataki da mataki yawanci akan yi shekara uku ko fiye, kuma ba a kai wa sama sai da digirin digirgir da tarin maƙalu a mujallun bincike. Kafin a ba mutum kujerar farfesa, jami'a takan tattara rubuce-rubucensa ta aika wa masana na wasu jami'o'i su auna a asirce. Dokar 2012 ta sa shekarun ritayar farfesoshi a 70.

Malamin akanta yana da ƙarin kaya a kansa da na tarihi ko na adabi ba shi da shi: ana son ya zama ƙwararren akanta mai rajista. Ƙungiyoyi biyu ne suka fi fice wajen ba da wannan shaida, ICAN da doka ta kafa a 1965, wadda Akintola Williams ya zama shugabanta na farko, da ANAN da aka kafa a 1979 ta samu amincewar doka a 1993. Dalilin a fili yake. Wanda bai taɓa zama gaban littafin shige da fice yana bin rasit ɗaya bayan ɗaya ba, da wuya ya iya nuna wa ɗalibi inda ɓaraka ke ɓuya.

Abin da yake koyarwa

Odita ba ya rubuta lissafin kamfani. Wannan aikin daraktoci ne da akantocinsu. Nasa shi ne ya zo daga waje ya gwada lissafin, ya faɗi ko ya nuna gaskiyar halin da kamfani ke ciki. Misali, idan littafi ya ce akwai buhun shinkafa 500 a sito, odita zai sa a buɗe sito a ƙirga. Idan ya ce an biya ɗan kwangila, zai nemi baucha, ya duba sa hannu, ya gwama da takardar banki. Idan ya ce kamfani yana bin wani ɗan kasuwa bashi, zai rubuta wa ɗan kasuwar kai tsaye ya tambaye shi. A ƙarshe rahotonsa yakan faɗa ɗaya daga huɗu: ya gamsu, ya gamsu amma ban da wani wuri, lissafin bai nuna gaskiya ba, ko kuma bai samu hujjar da zai yanke hukunci a kai ba.

Nan ne matsalar da ta fi cinye tawadar masana take. Kamfanin da odita ke bincika shi ne ke biyansa. Bahaushe ya ce bakin da ya ci shi ke godiya, kuma kusan duk dokokin fannin an yi su ne don kada wannan karin magana ya tabbata a kan odita. Shi ya sa ƙa'idar shugabancin kamfanoni ta Najeriya ta 2018 ta ce kada kamfanin odita ɗaya ya wuce shekara 10 a jere yana binciken kamfani guda. Dokar kamfanoni ta 2020 kuma ta wajabta wa kamfanin da jama'a ke da hannun jari a ciki kwamitin bincike mai mutum biyar, uku daga masu hannun jari, biyu daga daraktocin da ba su cikin gudanarwa ta yau da kullum, ta kuma hana mutum ɗaya ya haɗa shugabancin hukumar daraktoci da na gudanarwa.

Ginshiƙin nazarin shi ne ra'in wakilci, wanda Michael Jensen da William Meckling suka shimfiɗa a 1976: mai dukiya daban, mai juya ta daban, kuma bukatunsu ba lallai su zo ɗaya ba. Duk attajirin da ya taɓa ba yaronsa jari ya tura shi Illela ko Legas sayo kaya ya san wannan tun kafin a rubuta shi.

Abubuwan da suka raya fannin

Asara ce ta haifi yawancin dokokin. A Ingila, rahoton kwamitin Adrian Cadbury ya fito a 1992 bayan durƙushewar wasu manyan kamfanoni. A Amurka, kamfanin Enron ya rushe a 2001, ya ja kamfanin oditansa Arthur Andersen ƙasa, aka yi dokar Sarbanes da Oxley ta tsaurara sa ido kan odita a 2002. A gida, hukumar kula da hada-hadar hannayen jari ta fitar da ƙa'idarta ta farko a 2003. Haɗewar bankuna a zamanin gwamnan Babban Banki Charles Soludo ta mai da su 25 daga 89 a ƙarshen 2005, Babban Banki ya bi da tasa ƙa'idar a 2006, shekarar da aka gano an kumbura lissafin kamfanin Cadbury na Najeriya. A watan Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, bankunan da lissafinsu ya sha bi ta hannun odita. Daga nan aka kafa majalisar kula da rahoton kuɗi a 2011, Najeriya ta fara aiki da ma'aunin rahoton kuɗi na duniya a 2012. Malaman da suke farfesoshi a yau, da yawansu a kan waɗannan shekaru suka gina bincikensu.

Fannin a Sakkwato

Sa ido kan dukiyar jama'a ba baƙon abu ba ne a birnin Shehu. Malaman Daular Usmaniyya, musamman Abdullahi ɗan Fodiyo, sun yi rubutu kan baitulmali da sharuɗɗan wanda za a ba amanarsa, da aikin muhtasibi mai duba mudu da sikeli a kasuwa. Sarautun Ma'aji da Ajiya a ƙasar Hausa daga riƙon dukiyar hukuma suka samo suna. Malamin da ya fara darasinsa daga nan, ɗalibansa sukan fi saurin kamawa.

Sai dai akwai giɓi tsakanin abin da ake nazari da abin da ke ƙasa. Ɗalibin digiri na biyu a mazaunin jami'a da ke Dundaye yakan sauko da rahoton shekara-shekara na kamfanonin da ke kasuwar hannayen jari ta Legas daga intanet, ya ƙirga daraktoci nawa ne, mata nawa, sau nawa suka zauna, ya zuba a kwamfuta ya ga ko akwai alaƙa da riba. Ana yin haka ne don alƙaluman suna nan a shirye. Amma in ka cire kamfanin simintin Kalambaina, wanda ya narke cikin BUA Cement, yawancin kasuwancin Sakkwato na iyali ne: dillalan albasa, fatake masu fata da ƙirgi, masu shagunan babbar kasuwa. A nan lissafi yana kan Alhaji ne ko cikin wani ɗan littafi a aljihunsa, kuma ranar da ya faɗi, magada sukan rasa sanin wa ke binsu, wa suke bi. Wannan fili ne da ya cancanci masu bincike fiye da yadda yake samu.

Haka ma kuɗin gwamnati. Sashe na 125 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi babban odita ga kowace jiha, wanda zai miƙa rahotonsa ga majalisar dokoki, kuma Sakkwato tana da ƙananan hukumomi 23 da kowace ke da nata asusu. Ɗaliban da farfesan akanta ya yaye su ne ke cika waɗannan ofisoshi, da bankuna, da hukumar tara haraji, da hukumar zakka da waƙafi ta jiha. Wasunsu sukan dawo da yamma ko ƙarshen mako su zauna a ajinsa neman babban digiri, da fayil ɗin ofis a hammata.