Awa uku na farko: abin da bincike ya koya wa ɗakin gaggawa

Duk wanda ya taɓa raka wanda ya yi hatsari zuwa babbar likitar Maraɗi ya san tambayar da ake fara jefa masa, wani lokaci tun kafin a tambayi sunan majinyacin: "Ƙarfe nawa abin ya faru?" Mutane da yawa haushinta suke ji. Ga mutum kwance jina-jina, ga lokotoro yana neman lissafin agogo. Amsar da mu ma'aikatan ɗakin gaggawa muka fi samu ita ce "bai daɗe ba", alhali tun bayan azahar moto ta kayar da shi a hanyar Ɗan Isa, ga shi har an kira magariba.

Akwai wata allura mai suna tranexamic acid. Aikinta shi ne hana gudan jinin da ya daskare a bakin rauni narkewa, don zubar ta tsaya. Tsohon magani ne, wasu masana mata da miji a Japan suka samar da shi tun 1962, kuma ba shi da tsada. Amma sai a 2010 aka tabbatar yana ceton ran wanda ya ji rauni, bayan wani bincike da ake kira CRASH-2, wanda ya haɗa majinyata 20,211 a asibitoci 274 na ƙasashe 40, har da Najeriya. An raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a: rabi aka yi musu allurar, rabi aka yi musu wadda ba magani a cikinta, kuma kowa ya samu sauran kulawar da aka saba. Kamar dai yadda malamin gona yake raba fili ɗaya biyu, ya shuka iri daban-daban, ruwa ɗaya, taki ɗaya, don in an ga bambanci a kaka a san daga irin ne. Cikin waɗanda suka samu allurar, kashi 14.5 cikin 100 suka rasu. A ɗaya gefen kashi 16.

Wani zai ce bambancin kaɗan ne. Da aka koma aka duba lokacin da aka yi wa kowa allurar, sai magana ta fito fili. Wanda ya same ta cikin awar farko, hatsarin mutuwarsa ta zubar jini ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Daga awa ɗaya zuwa uku akwai amfani, amma ya ja baya. Bayan awa uku kuwa ba amfani, har ma alamu sun nuna tana iya cutarwa. Shi ya sa muke nacewa a kan agogo. In ba ka duba ba, faɗi abin da ka tuna: an idar da la'asar, ko ƴan makaranta na tasowa. Mu za mu lissafa.

Abin da ke cinye awa ukun nan a wajenmu ba nisan hanya ba ne kaɗai. Taro ne ake yi a kan mai rauni, kowa da wayarsa yana ɗaukar hoto. Sai jiran a kira babban wa a ji ta bakinsa. Sai a biya ta gida a haɗa kuɗi. Wasu kuma wurin mai ɗori ake fara kai su, ya gyara ƙafar da ake gani, alhali jini na tsiyaya a ciki inda ido ba ya kai. Ba raina masu ɗori nake yi ba, amma mutumin da ya yi fari fat, yana zufa mai sanyi, yana roƙon ruwa, cikinsa na tauri, ba karaya ce za ta kashe shi ba. A danne raunin da ke zuba da ƙyalle mai tsabta, a danne da ƙarfi, kar a riƙa ɗagawa ana leƙe. Kar a zuba ƙasa, toka ko man birki. Ta nan tetanus da ruɓa ke shiga. A ɗauke shi a miƙe, wani ya tallabe kai da wuya, a kama hanya. Kuɗin ya biyo baya a wata moto.

Haka zancen yake ga mai jego. Binciken WOMAN na 2017, a kan mata 20,060 a ƙasashe 21, ya nuna allurar nan ta rage mutuwar zubar jini bayan haihuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku, in an yi ta cikin awa uku. Unguwarzoma da uwar miji su riƙe wannan.

Bincike ba ƙara magani kaɗai yake yi ba, yakan hana. Nan ne muke yawan samun saɓani da iyaye. Uwa ta kawo yaro da zazzaɓi mai zafi, jiki ya saki, hannuwa da ƙafafu sun yi sanyi, sai ta ce: "Lokotoro, don Allah a sa masa serum, a buɗe ya shiga da sauri." Serum shi ne ruwan da ake ƙara wa majinyaci ta jijiya. A da mu ma abin da aka koya mana ke nan, kuma haka littattafan Turai da Amurka suka rubuta. Sai aka gwada a asibitocin Uganda, Kenya da Tanzaniya a kan yara 3,141, a binciken FEAST da ya fito a 2011. Masu binciken da kansu suna sa ran ƙarin ruwa da sauri zai ceci yara. Abin da ya fito ya girgiza kowa: cikin kwana biyu, kashi 10.5 cikin 100 na waɗanda aka ɗura wa ruwan da sauri sun rasu, su kuwa waɗanda aka bar wa ruwa yana ɗiga a hankali kashi 7.3. Wato yara uku a kowane 100 sun tafi ta dalilin abin da ake ɗauka taimako ne. Dole aka tsayar da binciken kafin lokacinsa. Da ba a gwada ba, da har yau muna yi, muna ganin yaro ya ɗan farfaɗo a awar farko muna murna, in ya rasu washegari mu ce ciwon ne ya fi ƙarfi.

Saboda haka, Inna, in kin ga serum na ɗiga sannu, kar ki miƙa hannu ki murɗa shi bayan ma'aikaciya ta fita. Mun san ana yi. Amma a fahimce ni: yaron da zawo da amai suka tsotse, ko mai kwalara irin wadda ta addabi Madarunfa a 2018, lamarinsa daban ne. Shi ruwa ya rasa, ruwa za a mayar masa, da sauri kuwa. Bambance waɗannan biyun aikinmu ne.

Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ma ta wannan hanya aka sauya maganinsa. Binciken AQUAMAT na 2010, a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka 9, ya nuna mutuwa kashi 8.5 ga waɗanda aka yi wa allurar artesunate, kashi 10.9 ga masu kinin. Daga nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa artesunate a gaba.

Kar a ɗauka duk daga nesa ake kawo mana wannan sani. Jiharmu na cikin wuraren da duniya ke koyo daga gare su. Cibiyar Epicentre, reshen bincike na ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, tana nan cikin garin Maraɗi. A Madarunfa aka gwada rigakafi mai jure zafi na zawon da ƙwayar cutar rotavirus ke kawowa, a kan jarirai sama da 3,500, sakamakon ya fito a 2017: ya kare kusan kashi biyu cikin uku daga zawo mai tsanani. A nan kuma aka gwada, a kan yara kusan 2,400 masu tamowa wadda ba ta haɗu da wani ciwo ba, ko ba kowa maganin antibiyotik amoxicillin yana sa su fi warkewa; bambancin da aka gani wajen warkewar bai taka kara ya karya ba. A lokacin sanƙarau na 2017 aka raba ƙwayar maganin antibiyotik ciprofloxacin ga ƙauye gaba ɗaya in cutar ta ɓulla, masu kamuwa suka ragu da kusan kashi 60 cikin 100.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wani ƙaramin bincike da aka buga a 2011, a kan yara masu tamowa da aka kwantar a Maraɗi. Kusan ɗaya cikin uku sun iso da ƙwayoyin cuta a hanjinsu waɗanda manyan magungunan antibiyotik ba sa ci. Cikin waɗanda suka zo ba su da su, kusan duka sun ɗauka kafin a sallame su. Wannan ya shafe mu ma'aikata, ta wajen wanke hannu da tsabtar gado. Ya kuma shafi gida: kafso da ake saye ɗaya-ɗaya a hannun mai talla a kasuwa, a sha biyu a bari da an ji sauƙi, shi ke horar da ƙwayar cuta har ta daina jin magani. In za ku zo likita, ku haɗo kwalaye da ledojin duk abin da aka ba majinyaci, har da na gargajiya. Ba faɗa za a yi muku ba.

Na san abin da ke zuciyar wasu da an ce bincike: Kano, 1996. A lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a faɗa musu gwaji ne ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dalar Amurka miliyan 75. Tsoron nan yana da tushe, kuma ba zan ce wa kowa ya manta ba.

Abin da zan ce shi ne ku san haƙƙinku. Ba a fara bincike a kan mutane a Nijar sai kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya, a Yamai, ya amince. Kafin a sa ka ko ɗanka, wajibi ne a yi maka bayani da harshen da kake ji. In ba ka karatun boko, a samu shaida wanda ba ya cikin masu binciken, a karanta maka a gabansa kafin ka dangwala yatsa. Tambayi me ake gwadawa, wace illa aka sani, jini nawa za a ɗiba da inda za a kai shi, wa zai ɗauki nauyi in wani abu ya faru. Kana iya cewa a'a, a ci gaba da kula da majinyacinka kamar kowa. Kana iya yarda yau ka janye gobe.

A ɗakin gaggawa sau da yawa majinyaci ba ya cikin hayyacinsa, don haka wanda ya kawo shi ake tambaya, kuma minti kaɗan gare shi. Yana da kyau kowane gida ya san tun yanzu wa ke da ikon yanke magana in maigida yana Katsina ko Agadas, kuma a bar wa uwa damar amsawa a kan ɗanta. In majinyacin ya farfaɗo, za a sake tambayarsa da kansa. Kwafin takardar da aka sa wa hannu naku ne. Ku karɓa, ku duba akwai lambar wayar da za a kira, ku adana ta tare da karnen likita, wato ɗan littafin majinyaci.