Ƙalubalen siyasa da tattalin arziki wajen magance sauyin yanayi

Ƙalubalen siyasa da tattalin arziki wajen magance sauyin yanayi na nufin matsalolin da ke hana ƙasashen duniya haɗa kai su rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, musamman iskar kabon da ke fita idan an ƙona kwal da man fetur da iskar gas. Kafin zamanin masana'antu, iskar kabon a sararin samaniya ta kai kusan kashi 280 cikin miliyan. Yanzu ta haura 420. A kan wannan masana kimiyya sun yi ittifaƙi. Inda gizo ke saƙar shi ne wa zai fara rage hayaƙi, kuma wa zai biya kuɗin.

Tushen matsalar

Hayaƙi ba ya sanin iyakar ƙasa. Ƙasar da ta rage nata ita kaɗai za ta ɗauki asarar, amfanin kuwa kowa zai samu, har da wanda bai tsinana komai ba. Shi ya sa kowace gwamnati take jiran wata ta fara. Ga kuma bambancin lokaci: ɗan siyasa yana lissafin shekara huɗu ko biyar zuwa zaɓe, wani kaso na iskar kabon kuwa yakan ɗauki ɗaruruwan shekaru a sama.

Tarihin tattaunawa

An kafa kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi a 1988. A 1992, a taron birnin Rio na Brazil, ƙasashe suka sanya hannu kan yarjejeniyar farko, wadda ta ce nauyin na kowa ne amma ba daidai yake ba: waɗanda suka yi arziki da ƙona kwal su ne ya kamata su shige gaba. Har yau ba a amince da dokar jefa ƙuri'a a waɗannan tarukan ba, don haka sai da yardar kowa ake zartar da abu, kuma ƙasa ɗaya ko biyu na iya rage ƙarfin matsayar da sauran suka ɗauka.

Yarjejeniyar Kyoto, wadda aka cimma a birnin Kyoto na Japan a Disamba 1997, ta wajabta wa ƙasashe masu arzikin masana'antu rage hayaƙi da kusan kashi 5 cikin 100 ƙasa da na 1990, ba ta ɗora wa masu tasowa irin wannan sharaɗi ba. Tun kafin a je Kyoto, a watan Yulin shekarar, Majalisar Dattawan Amurka ta kaɗa ƙuri'a 95 ba hamayya cewa ba za ta karɓi yarjejeniyar da ta bar ƙasashe irin Sin da Indiya a waje ba. Shugaba George W. Bush ya yi watsi da ita a 2001. Ta fara aiki a 2005 ba tare da Amurka ba, Kanada kuma ta sanar da ficewa a 2011. A tsakanin nan, wajen 2006, Sin ta zarce Amurka a yawan hayaƙin da ake fitarwa a shekara, sai tsarin Kyoto ya zama bai shafi manyan masu gurɓata iska biyu ba.

Taron Kopenhagen, babban birnin Denmark, na 2009 ya tashi baram-baram. Daga darasinsa aka gina Yarjejeniyar Paris ta Disamba 2015, inda aka sauya salo gaba ɗaya: kowace ƙasa ta faɗi abin da za ta iya, ta sabunta alkawarin duk shekara biyar, da burin kada ƙarin zafi a kan na kafin zamanin masana'antu ya kai digiri 2 a ma'aunin Salshiyas, in so samu ne ya tsaya a 1.5. Kusan duk duniya ta shiga, amma ba a tanadi hukunci ga wanda ya saɓa ba. Amurka ta fice a Nuwamba 2020, ta dawo a Fabrairu 2021, sannan Shugaba Donald Trump ya sake ba da umarnin ficewa a Janairu 2025. A birnin Glasgow na Birtaniya a 2021, a mintocin ƙarshe na taron yanayi, Indiya da Sin suka sa aka sauya kalmar daina amfani da kwal zuwa rage amfani da shi.

Rikicin kuɗi

Nan ne rashin adalcin ya fi fitowa fili. Afirka tana fitar da ƙasa da kashi 4 cikin 100 na iskar kabon ta duniya, kuma kusan mutum miliyan 600 kudu da Sahara ba su da wutar lantarki. A Kopenhagen ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020. Bisa lissafin OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da galibin mambobinta ƙasashe masu arziki ne, sai a 2022 aka cika, kuma kaso mai yawa rance ne, ba kyauta ba. Ambaliyar Pakistan ta 2022 ta shafi mutum miliyan 33, ta jawo asarar da aka ƙiyasta ta haura dala biliyan 30. A shekarar ne taron Masar ya amince a kafa asusun biyan asara da ɓarna, buƙatar da ƙananan ƙasashen tsibirai suka gabatar tun 1991. Alkawuran farko da aka yi wa asusun a Dubai a 2023 sun tsaya a kusan dala miliyan 700. A Baku, babban birnin Azerbaijan, a 2024 aka tsayar da dala biliyan 300 a shekara zuwa 2035, alhali masu tasowa sun nemi tiriliyan 1.3, wakiliyar Indiya ta fito fili ta yi fatali da adadin.

Farashin hayaƙi da tallafin mai

Masana tattalin arziki da dama na ganin haraji kan hayaƙi shi ne hanya mafi arha. Suwidin ta fara nata a 1991, Tarayyar Turai ta buɗe kasuwar takardun izinin fitar da hayaƙi a 2005. Amma talaka ne ke fara jin ƙarin farashin mai a jikinsa. A Faransa, zanga-zangar masu rigunan ruwan ɗorawa ta 2018 ta tilasta wa gwamnati janye ƙarin harajin mai. A ɗaya gefen, tallafin da gwamnatoci suka zuba don sauƙaƙa farashin mai da gas da lantarki ya haura dala tiriliyan 1 a 2022. Sabon harajin da Tarayyar Turai ta tsara kan ƙarfe da siminti da taki da ake shigo da su ya gamu da suka daga Indiya da Sin, waɗanda ke kallonsa a matsayin shingen ciniki.

Makamashi mai tsabta

Kuɗin samar da lantarki daga hasken rana ya faɗi da kusan kashi 85 cikin 100 daga 2010 zuwa 2020. Fiye da kashi 80 na ƙera farantan sola a Sin ake yi, abin da ya jawo takaddamar harajin kwastan da Amurka. Ƙasashe matalauta kuwa sukan biya ruwan bashi ninki biyu ko uku na abin da ake biya a Turai kafin su gina tasha iri ɗaya.

Batun shari'a

A Yuli 2025 Kotun Duniya (ICJ), babbar kotun Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ba da ra'ayin cewa kare yanayi wajibi ne a kan ƙasashe a dokar ƙasa da ƙasa. Ra'ayin shawara ne, ba ya tilasta wa kowa.