Yawon ƙafa da iyali a bakin kogin Azusa na Japan: tambayoyi da amsoshi

Ina ne Kamikochi, kuma me ya sa ake cewa ya dace da mai iyali?

Kamikochi wani dogon kwari ne a yankin Nagano da ke tsakiyar Japan, cikin gandun ƙasa na Chubu Sangaku wanda aka kafa a 1934. Tsayinsa daga teku ya kai kusan mita 1,500. Kogin Azusa ya ratsa tsakiyarsa, duwatsun Hotaka kuma sun tsaya a kansa. Mafi tsayinsu, Okuhotaka, mita 3,190 ne, shi ne na uku a duk ƙasar.

Wanda ya ji waɗannan alƙaluma zai ɗauka sai gwanin hawan dutse ne ke zuwa. Ba haka ba ne. Bas ce ke yi maka hawan, ta sauke ka a ƙasan kwarin, wanda kusan a shimfiɗe yake. Daga nan sai tafiya a inuwar itatuwa, kogi na gefenka. Shi ya sa za ka ga kaka da jika a hanya ɗaya, suna kallon duwatsun da wasu ke kwana biyu kafin su kai ƙololuwarsu.

Wace hanya ce ta fi sauƙi ga yara?

A ganina babu kamar wadda ta tashi daga tafkin Taisho zuwa gadar Kappa. Ba ta wuce kilomita 4 ba, babba zai yi ta cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Da yara kuwa a ware awa biyu, don ba za su wuce ruwa ba su tsaya ba. Bas tana tsayawa a Taisho kafin ta kai babbar tasha, to a nan ya kamata a sauka. Idan aka fara daga nan, duwatsun Hotaka suna gabanka tsawon tafiyar, kuma inda za ka ƙare akwai abinci da banɗaki, tashar komawa kuma tafiyar minti biyar ce daga gadar.

Tafkin Taisho kansa yana da labarin da yara za su so. Kafin 1915 babu shi. A shekarar ne dutsen Yake ya yi aman wuta, laka ta gangaro ta toshe kogin, ruwa ya taru ya cinye daji. Kututturan itatuwan da suka mutu sun daɗe tsaye a cikin ruwan, ko da yake yanzu kaɗan suka rage. Dutsen na nan a gabanka, kana iya nuna wa yaro inda abin ya fito.

Daga nan hanya ta bi ta fadamar Tashiro, inda aka shimfiɗa katako a wasu wurare don kada ƙafa ta tattake tsirrai. Gaba kaɗan akwai allon tunawa da Walter Weston, ɗan mishan daga Ingila wanda ya tallata waɗannan duwatsu ga duniya a ƙarshen ƙarni na 19.

Idan yaran sun ɗan girma, akwai ƙari?

Akwai. Daga gadar Kappa zuwa tafkin Myojin kusan awa ɗaya ne, a je ta wannan gaɓa a dawo ta waccan. Can ya fi shiru. Tafkin yana harabar wani wurin bautar Shinto, addinin gargajiya na Japan, ana biyan kuɗin shiga.

Za a iya zuwa da mota?

A'a, kuma wannan dokar ce ta sa wurin ya zama abin da yake. An hana motocin gida shiga. Mai mota yakan ajiye ta a Sawando ta ɓangaren Nagano, ko a Hirayu ta ɓangaren Gifu, ya hau bas ko tasi. Wanda ya taso daga Tokyo zai hau jirgin ƙasa zuwa Matsumoto, daga nan wani jirgin na rabin awa zuwa Shin-Shimashima, sannan bas ta kusan awa ɗaya. Saboda wannan doka, uwa ba ta fargabar mota ta kaɗe mata yaro a kan hanyar daji, kuma abin da kunne ke ji ruwa ne da tsuntsaye.

Yaushe ya fi kyau a je?

Ana buɗe wurin daga tsakiyar Afrilu zuwa 15 ga Nuwamba, sauran watanni dusar ƙanƙara ce. Ƙarshen Mayu ganye sabo ne, kan duwatsu kuma fari fat. Daga Yuni zuwa tsakiyar Yuli damina ce. Agusta akwai cunkoso saboda hutu. A Oktoba daji kan rikiɗe ya koma ruwan zinariya, amma sanyin safiya ba na wasa ba ne. Ko a bazara a riƙe wa yara rigar sanyi da ta ruwa.

Akwai abin tsoro?

Akwai abin kiyayewa. Birai suna yawo a kan hanya ba sa gudun mutane. Kada a ba su abinci, kada a matsa kusa da su, kada yaro ya ƙura musu ido. Akwai kuma baƙar dabbar beyar a dajin, shi ya sa za ka ji ƙararrawa na kaɗawa a jakunkunan matafiya. A tsaya kan hanyar da aka shata, a duba sanarwa a cibiyar baƙi.

Abin da ya fi damuna shi ne kogin. Garai-garai yake har kana ganin tsakuwar ƙasansa, sai yaro ya ɗauka ba zurfi. Ruwan kuwa sanyi ƙarara ne, kuma yana da ƙarfi a wasu wurare. A riƙe hannun ƙanana a bakin gaɓa.

Me za a ɗauka?

Takalmi mai rufi, ruwan sha, da leda ta shara, domin doka ce kowa ya koma gida da shararsa. A tanadi canji, banɗakunan suna karɓar gudummawar kusan yen 100, kuɗin Japan. Jariri kuma goyo ya fi masa keken tura jarirai, saboda akwai saiwoyi da tsakuwa a wasu sassan hanyar. Musulmi zai fi samun natsuwa idan ya yi guzuri tun daga Matsumoto, don naman alade da giyar girki suna shiga abincin Japan da yawa, har da romo.