Mene ne gyambon dunduniyar zomo?

Masu kiwon zomo sukan ambaci wani ciwo da ke fitowa a ƙarƙashin ƙafafun baya. Wasu su ce ciwon ƙafa, wasu su ce gyambon dunduniya. Likitocin dabbobi kuwa suna kiransa fododamataitis, wato kumburin fatar tafin ƙafa. Yakan fara ne da zubewar gashin wurin, sai fata ta yi ja, ta tsage, ta zama miki, idan aka ƙyale shi ya ci gaba da cin nama har ya kai ƙashi. Ba annoba ba ce da ke tashi daga wannan zomo ta faɗa wa wancan. Idan ka ga zomaye uku ko huɗu a gida ɗaya duk sun kamu, to yawanci wurin zamansu iri ɗaya ne, shi ya sa.

Kafin a gane ciwon sai an gane ƙafar. Ka ɗaga ƙafar kyanwa ko ta kare, za ka ga wani tudun nama mai taushi da suke takawa a kai. Zomo ba shi da wannan. Daga dunduniya har yatsu, abin da ke tsakanin ƙashinsa da ƙasa fata ce siririya da gashi mai kauri wanda ya cure ya kwanta a kanta, babu kitse, babu tsoka ta a zo a gani. Wannan gashin shi ne duk kariyar da Allah ya ba shi. A daji ya ishe shi, domin ƙasa da ciyawa suna lotsawa: faratansa su nutse, nauyinsa ya rarrabu a kan yatsu da sauran tafin. Amma a kan siminti ko tayil ko ragar waya, farce ba shi da inda zai shiga. Sai gaban ƙafar ya ɗan ɗaga, nauyi ya koma baya ya tattaru a kan dunduniya. Wurin da ƙashi ke danne fata dare da rana jini ba ya isa gare shi yadda ya kamata, fatar da jini ba ya kai mata kuwa mutuwa take yi. Duk wanda ya taɓa jinyar mara lafiyar da ya daɗe a kwance ya san gyambon da ke fita a ƙugu da kafaɗa saboda dannewa. Irinsa ne wannan.

Yawanci ragar keji ake fara zargi, kuma da gaskiya a ciki. Waya siririya tana yanka kamar zare, mai tsatsa tana goge gashi, wadda ta saki ta yi ciki tana tilasta wa zomo tsayuwa a karkace. Sai dai ba zan ce wa kowa ya jefar da kejinsa na raga ba. A ƙasa mai zafi irin tamu raga tana da amfaninta: iska na ratsawa ta ƙasa, kashi da fitsari suna zubewa, abin da ke rage cutar gudawa da ke kashe ƙananan zomaye. Abin da nake ƙi shi ne a bar dabba a kan waya tsurarta tun daga haihuwa har mutuwa, ba ta da ko taki ɗaya da za ta sauke ƙafarta ta huta. Binciken da aka yi a gonakin zomo na ƙasar Sifen, inda kiwon ya zama babbar sana'a, ya nuna cewa ɗora faifan roba mai ramuka a kan ragar yana rage wannan gyambo ƙwarai a jikin iyaye mata. Wanda bai samu roba ba, guntun katako mai santsi wanda ba a yi wa fenti ba zai yi aikin, muddin ana cire shi ana wankewa ana shanyawa, don katakon da ya sha fitsari ya fi ragar illa.

Masu ajiye zomo a cikin ɗaki don sha'awa sukan ɗauka sun tsira. Ba su tsira ba. Kafet mai kaushi yana cin gashin ƙafa a hankali duk lokacin da zomo ya zabura da gudu, tayil kuma ga tauri ga santsi.

Danshi ne ke ƙarasa ɓarnar. Gashin da ya jiƙe da fitsari yana dunƙulewa ya daina karewa, fatar ƙarƙashinsa ta yi laushi ta fara ƙuna. Da damina abin ya fi muni, shimfiɗa ba ta bushewa, ga ƙuda. Daga nan sai nauyin jiki. Manyan nau'o'i irin Filemish na ƙasar Beljiyam, wanda kan wuce kilo 6, sun fi saurin kamuwa, haka ma uwa mai ciki, haka duk zomon da aka cika da dusa da abincin kamfani aka hana shi wurin motsi har ya yi teɓa. Akwai kuma nau'in Reks, wanda aka fara samu a Faransa a 1919, mai gajeren gashi mai laushi da mutane ke so. Wannan gashin da ake yabo shi ne rauninsa, don na ƙafarsa ma gajere ne, bai cika karewa ba. Tsohon zomo mai ciwon gaɓoɓi yakan yini a zaune wuri ɗaya, wanda ya ji ciwo a ƙafa ɗaya yakan jibga nauyi a kan ɗayar, wanda yara da karnuka ke yawan firgitawa kuma yana ta buga ƙafar baya a ƙasa, kamar yadda zomo ke yi idan ya tsorata.

Farce shi ne abin da aka fi mantawa da shi. Zomo yana da farata 18, biyar-biyar a gaba, huɗu-huɗu a baya, kuma ba sa daina tsiro. Na daji tono yake yi suna cinyewa. Na keji babu abin da ke rage masa su, suna tsawo suna lanƙwashewa suna ƙara tura nauyi baya. A riƙa dubawa duk wata, a datse bakin da ya wuce gashin yatsa. A farin farce za ka hango jan jijiya a ciki idan ka haska, sai a tsaya kafin a kai gare ta. A baƙin farce a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan.

Zomo dabba ce da ake farauta, don haka ɓoye ciwo yana cikin halittarsa. Kafin ka ga yana ɗingishi, abin ya yi nisa. Saboda haka dubawa ake yi, ba jira ba. Ka zauna a ƙasa, ka naɗe shi da tawul, hannu ɗaya a ƙirjinsa, ɗaya ya tallafe gindinsa. Kada a ɗauke shi ta kunne, kada kuma a bar bayansa yana reto, domin idan ya yi harbi da ƙarfi yana iya karya ƙashin bayansa. Sai ka sa yatsa ka buɗe gashin da ke kan dunduniya, wanda yakan kwanto daga gefe ya rufe wurin. A zomaye da yawa za ka tarar da wata 'yar kanta a can ƙarshen dunduniyar, ba ta kai ƙwayar wake ba, busasshiya, mai launin fata. Wannan kaɗai ba abin tashin hankali ba ne, a dai sa ido. Amma idan wurin ya faɗaɗa ya miƙe zuwa yatsu, ya yi ja yana sheƙi, ko ka ga ɓawo, ko tsaga, ko ɗigon jini a kan katakon da yake zama, ciwo ya kama. Akwai alamun da ake gani daga nesa ma: yana sauya ƙafa yana ɗage wannan yana ajiye waccan, yana karkata nauyinsa gaba, yana maƙalewa a lungu ba ya son tashi, yana barin abinci. Idan ya daɗe yana jingina da ƙafafun gaba, su ma sai su fara.

Da zarar fata ta buɗe, ƙwayoyin cuta sun samu ƙofa, musamman wadda ake kira Istafilokokus. Mugunyar zomo kuwa ba ruwa-ruwa take ba, kauri gare ta, ba ta tsiyayewa da kanta, shi ya sa ƙurjinsa ke da wuyar warkewa. Idan cutar ta nutsa takan kama ƙashi da gaɓa. Akwai kuma wata jijiya da ke bi ta bayan dunduniya tana riƙe yatsu. Idan ta goce daga mazauninta, tsayuwar zomon ta lalace ke nan har abada, ko da mikin ya rufe. A wannan mataki wani lokaci sai an yanke ƙafar, wani lokaci ma likita ya ga babu abin da ya rage sai a hutar da dabbar.

To, magani. Abu na farko ba a kemis yake ba: a sauke zomon daga inda yake a mayar da shi kan shimfiɗa mai taushi, busasshiya, mai kauri. Busasshiyar ciyawa mai laushi wadda aka tula har ƙafa tana nutsewa a ciki ita ce ta fi, a riƙa kwashe inda ya jiƙe kullum. Ƙararen harawa masu tsini a tsince su. Idan fata ba ta tsage ba, sau da yawa wannan da yanke farce da rage ƙiba sun isa, ko da yake gashin wurin ba lallai ya dawo kamar da ba. Kada a aske gashin da ke kewaye da wurin da sunan tsafta, shi ne ɗan abin da ya rage yana karewa.

Idan miki ya buɗe, aikin likitan dabbobi ne. Zai wanke da ruwan gishiri na asibiti ko aidin da aka tsarma sosai, ya sa man miki da ya dace, ya naɗe da auduga da bandeji ta yadda nauyi ba zai sauka a kan ciwon ba. Ɗaurin nan yana son gwaninta. Idan ya matse jini ya tsaya yatsu su kumbura, idan ya jiƙe ya zama matattarar cuta, don haka ana canza shi a kai a kai ana duba yatsun. Zai ba da maganin rage zafi, yawanci meloksikam, kuma wannan ba ƙari ba ne na jin daɗi. Zomon da ke cikin azaba yana daina ci, idan ya daina ci hanjinsa ya tsaya, wannan kuwa yana kashe shi da sauri fiye da ƙafar. Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba, a garzaya da shi.

A nan ne nake son mai karatu ya tsaya da kyau. Mun saba idan akuya ko kaza ta ji ciwo a sayo kafso a ɓare a barbaɗa, ko a jiƙa a ɗura. Ga zomo wannan na iya zama ajali. Cikinsa ya dogara ne da wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke narkar masa da ciyawa, kuma magunguna irin amoksisilin da amfisilin da linkomaisin da kilindamaisin, idan suka bi ta baki, suna kashe su, masu guba su mamaye hanjin, gudawa ta biyo baya, zomo ya mutu. Barbaɗawa a kan miki ma ba tsira ba ce, don zai lashe. Akwai magungunan kashe ƙwayoyin cuta da cikinsa ke ɗauka, likita ne zai zaɓa ya auna daidai da nauyinsa. Haka man shafawa na ƙaiƙayi masu sinadarin sitiroid, waɗanda ke cike a kemis: zomo ba ya jure su, suna raunana garkuwar jikinsa suna jinkirta warkewa. Baƙin mai na inji, da toka, da sifirit, da maganin ƙwari da wasu ke fesawa don korar ƙuda, duk ƙona nama suke yi ko su zama guba. Ƙudan kam a tsare shi da gidan sauro ko raga mai ƙananan ido, domin idan ya yi ƙwai a miki, cikin yini guda tsutsa na iya ƙyanƙyashewa.

Warkewa tana ɗaukar makonni, mai zurfi ma watanni, kuma wurin da ya taɓa yin gyambo yana saurin komawa. Mutane kan gaji a tsakiya, su ga ɓawo ya rufe su mayar da zomon kan ragar da ta jawo abin tun farko, bayan ɗan lokaci a dawo gidan jiya. Wanda ya taɓa kamuwa, shimfiɗa mai taushi ta zama tasa ke nan har ƙarshen rayuwarsa.

Ga masu lafiya kuma, a ba su fili. Zomon da ake saki kullum ya yi tsalle a kan ƙasa ko yashi, a inuwa, inda kare da kyanwa ba sa kaiwa, jini yana zagaya ƙafarsa, faratansa suna cinyewa, kitse ba ya taruwa. Mafi yawan abincinsa ya zama ciyawa da harawa, dusa da abincin kamfani su zama ɗan ƙari. Mai kiwo don hayayyafa kuma ya lura da iyayen da yake zaɓa, domin kaurin gashin ƙafa ana gadonsa: idan wani dangin zomaye yana yawan kamuwa alhali kejinsa ɗaya da na sauran, a daina barin iri daga cikinsa.