Waiwaye: Daga Hasumiyar Gobarau Zuwa Jirgi Maras Matuƙi, Ina Tsaron Katsina Ya Kwana?

Tun fil azal tsaron Katsina ya dogara ne da hango maƙiyi kafin ya iso. Hasumiyar Gobarau wurin kiran salla ce, amma daga kanta ake hangen ƙurar mahara, a rufe ƙofofin ganuwa irin su Ƙofar Guga da Ƙofar Yanɗaka. Magina da maƙeran gari su ne masu fasahar tsaro na wancan zamani, kuma duk abin da suka yi da ƙasa da ƙarfen gida suka yi shi. A 1903 Turawan Ingila suka zo da bindiga mai jigida, Kano da Sakkwato suka faɗi, Katsina ta miƙa wuya ba yaƙi. Daga ranar kayan tsaro suka koma abin da ake kawowa daga waje.

Bayan samun 'yanci an yi yunƙurin gyara wannan. An kafa masana'antar ƙera makamai ta DICON a Kaduna a 1964, sai dai ta shafe shekaru tana tafiyar hawainiya. A 1999 aka kafa hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA. Tauraron ɗan'adam na farko na Najeriya, NigeriaSat-1, ya tashi daga Rasha a Satumbar 2003, sannan NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X suka biyo baya a Agustan 2011. Na ƙarshen injiniyoyin Najeriya ne suka haɗa shi a Ingila, abin alfahari ne ƙwarai.

To amma me tauraron yake iya gani a dajin Rugu, maɓoyar 'yan bindiga a jihar Katsina? NigeriaSat-2 yana tantance abin da faɗinsa ya kai mita 2.5. Zai nuna sabon sansani da aka share, ko turbar da garken shanu ya tattake, amma babur a gindin bishiya ya fi ƙarfinsa. Ba tsaye yake a kanmu ba, wucewa yake yi ya dawo, kuma da damina gajimare kan rufe masa ido, alhali a lokacin ne daji ke duhu, manomi ke gona. Shekara 7 aka ɗebar masa, wa'adin da ya cika tun 2018. A 2018 ɗin ce Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da Tsaigumi a Kaduna, jirgin leƙen asiri maras matuƙi da cibiyar bincike ta sojin sama ta ƙera tare da wani kamfanin Fotugal. Duk da haka manyan jiragen da ake yaƙi da su har yau sayo su ake yi daga Sin da Turkiyya da Amurka.

Daren 11 ga Disambar 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara suka kora ɗaruruwan yara cikin daji. An sako 344 bayan kwana shida. Abin da ya fi ci mini rai shi ne makarantar kimiyya ce, wato yaran da ake sa ran su ƙera mana kayan kariya gobe. A watan ne gwamnatin tarayya ta umarci a haɗa kowane layin waya da lambar NIN, da fatan duk wanda ya kira neman kuɗin fansa za a san ko wane ne. Ɓarayin daji suka sami mafita cikin sauƙi, suna kira da wayar wanda suka kama. Bin sawun kira kuma ya dogara da yawan turakun sadarwa. A birni ana iya gano unguwa, a daji inda turke ɗaya ke ɗauke da ƙauyuka da dama sai dai a ce yana wajen can.

Gwaji mafi zafi shi ne na Satumbar 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, lokacin da aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Faskari da Funtuwa. An rufe kasuwannin dabbobi, an hana sayar da fetur a jarka. Manufar ita ce a raba ɓarayi da masu ba su labari daga cikin gari, kuma an ɗan takura su. Sai dai talaka ya sha wuya fiye da su. Ƙauyen da aka kai wa hari ba shi da hanyar kiran agaji, masu POS suka zauna, mai son gaida mahaifiyarsa sai ya hau mota. A bakin iyaka kuma aka riƙa samun rahoton cewa ɓarayin na kamo sabis na Nijar. Kafin shekara ta ƙare aka fara maido da layukan. Mataki mai girma irin wannan ya cancanci jami'o'inmu su auna shi gari-gari, a san inda hari ya ragu da inda ya ƙaru, domin kada wata gwamnati ta maimaita shi a makance.

Abin da ya faru a Tudun Biri ta jihar Kaduna ranar 3 ga Disambar 2023 ya nuna ɗaya ɓangaren. Jirgi maras matuƙi na soja ya ga taron jama'a da dare ya buɗe wuta, ashe masu Mauludi ne, mutum 85 aƙalla suka rasu. Na'urar ta yi aikinta na gani, abin da aka rasa shi ne wanda ya san garin. A ganina wannan ne ya sa rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktobar 2023 take da muhimmanci, don 'ya'yan yankin ne, sun san kowane rafi da kowace burtali.

Katsina na da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da ta tarayya a Dutsinma, da Alƙalam, ga kwalejin fasaha da jami'ar sufuri a Daura. Taswirar hanyoyin Rugu, da ƙididdigar lokaci da wurin da ake kai hari, da ƙaramar na'urar gargaɗi mai aiki da hasken rana ko babu sabis, duk ayyuka ne da malamai da ɗalibansu za su iya. Abin da suke buƙata shi ne kuɗin bincike, wanda a Najeriya bai ko kusa da kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa da Tarayyar Afirka ta nema ba, da kuma jami'an tsaro su yarda su buɗe musu bayanan da suke riƙe da su.