Mene ne hutun haihuwa, kuma wa ke biyan kuɗinsa?

Hutun haihuwa shi ne lokacin da doka ta ba ma'aikaciya ta ajiye aiki saboda tsufan ciki da jego, ba tare da ta rasa gurbinta ba. Haƙƙinta ne, kuma daban yake da hutun rashin lafiya.

A Najeriya, sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ne ya tanade shi. Mako 12 ne gaba ɗaya: shida kafin haihuwa, idan ta kawo takardar likita cewa lokaci ya ƙarato, shida kuma bayan ta sauka. A waɗannan shidan na baya doka ta hana a sa ta aiki ko da ta yarda. Kwana 42 ke nan, wato tana gama wankan jego ta yi arba'in, sai ga ranar komawa. Idan ta kai wata shida tana aiki a wurin kafin ta tafi, dole a biya ta aƙalla rabin albashinta. Bayan ta dawo kuma tana da rabin awa sau biyu a rana don ba jariri nono, kuma ba a yarda a sallame ta tana cikin hutun ba.

Wannan shi ne mafi ƙanƙanta. Ma'aikaciyar gwamnatin tarayya hutunta ba ya gaza mako 16 da cikakken albashi. Jihar Legas ta kai nata wata shida a 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019, kuma hujjar a fili take: likitoci na cewa a ba jariri nono zalla har wata shida, to ta yaya uwar da ke ofis tun safe za ta cika wannan? Maza ma sun samu nasu kason. A 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikacin da matarsa ta haihu, abin da zai ishe shi zirga-zirgar asibiti da hidimar suna.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen biya. A Najeriya mai wurin aiki ne kaɗai ke ɗaukar albashin mai jego, babu wani asusun gwamnati da ke tallafa masa. Banki mai ƙarfi ba zai ji a jikinsa ba. Amma ɗauki ƙaramar makarantar kuɗi mai malamai goma: mai makaranta zai biya wadda ke gida, ya kuma biya wadda ta riƙe mata aji. Shi ya sa za ka ji ana cewa, "Malama, ki je ki haihu lafiya, in kin dawo ma duba ko akwai gurbi." Wata don tsoron haka sai ta ɓoye cikin a ƙarƙashin hijabi har ya kai wata bakwai, ta kuma dawo tun jikinta bai yi ƙwari ba, jariri na kwance a kan zani a ofishin malamai, tana leƙo shi tsakanin darasi da darasi. Wasu wuraren ma tun a intabiyu ake tambayar mace ko amarya ce. Wannan zalunci ne, kuma tsarin biyan ne ke ciyar da shi.

A Jamhuriyar Nijar hutun mako 14 ne, kuma asusun tallafin ma'aikata na ƙasar, wato CNSS, na ɗaukar wani kaso na kuɗin, don haka nauyin bai taru a wuyan mutum ɗaya ba. Yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, ita ma mako 14 ta tsayar, da aƙalla kashi biyu cikin uku na albashi, ta kuma fi son a biya daga asusun haɗin gwiwa. Najeriya ba ta tabbatar da ita ba har yanzu.

Akwai wani giɓin da mata da yawa ba su sani ba. Dokar Ƙwadago ta cire masu aikin gudanarwa da ƙwararru daga waɗanda take kira ma'aikata, don haka akanta ko injiniya a kamfani mai zaman kansa ta dogara ne ga abin da takardar ɗaukarta aiki ta ce. Kafin mace ta sa hannu, ta nemi a rubuta mata mako nawa ne, da nawa za a riƙa biyan ta a cikinsu.